Tali, Abincin Indiya Marar Nama, da Abin da Ya Haɗa Shi da Akushin Mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Tali kalma ce ta harshen Hindi, ma'anarta faranti. Faranti ne babba na ƙarfe, mai faɗi kamar faifai, ana jera ƙananan kwanoni a bakinsa, kowane da abin da ke cikinsa, a bar tsakiya don shinkafa ko gurasa. Da tafiya ta yi nisa sai sunan farantin ya zama sunan abincin gaba ɗaya. Idan ka ce a kawo maka tali a gidan abinci a Indiya, cikakken abincin rana ka nema, kuma a wurare da yawa babu nama ko kifi ko ƙwai a cikinsa. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a 2021 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na manyan mutane a Indiya suna ɗaukar kansu marasa cin nama.

Wannan shafi zai amfane ka ta fuska biyu. Idan kana cikin masu zuwa Indiya neman magani ko karatu ko fatauci, za ka san abin da za a ajiye a gabanka da yadda ake cinsa. Idan kuwa kana gida, a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, inda magidanci kan yi mako ko fiye bai ga nama a miyarsa ba, akwai abin dubawa a yadda mutanen da suka daɗe ba sa cin nama suka tsara farantinsu.

Abin da ke cikin farantin

A tsakiya akwai abin da ke cika ciki: shinkafa, ko gurasa marar yisti da suke kira roti, ta alkama ko ta gero ko ta dawa. A kwano ɗaya akwai dal, wato wake da aka ɓare aka dafa har ya narke kamar fate, aka soya albasa da kayan ƙamshi aka zuba a kai. Indiyawa suna da nau'o'in wake masu yawa, har da irin namu. Sai kwano biyu ko uku na ganye da kayan lambu, kamar kuɓewa, kabewa, yalo, alayyafo ko dankali. Sai kindirmo, ko nonon da aka kaɗe aka cire mai aka sa masa gishiri. A gefe ana ɗora ɗan abin tsami, yawanci ɗanyen mangwaro ko lemun tsami da aka jiƙa cikin gishiri da mai da barkono, da wani siririn abu mai ƙaras-ƙaras na garin wake da ake kira papad, da ɗan abin zaƙi. A tsohon ilmin likitancinsu ana son abinci ya tara ɗanɗano shida: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci, yaji da bauri.

Kowane yanki da nasa. A jihar Gujarat suna sa mazarƙwaila har a cikin wake, don haka mai ciwon sukari ya yi hattara. A kudu, wajen Tamil Nadu da Kerala, ganyen ayaba ne farantin, shinkafa ce tushe, ana cinta da wata miya mai suna sambar wadda ake yi da wake da tsamiya da 'ya'yan zogale.

Idan ka shiga gidan abinci

Duba allon ƙofa. Inda aka rubuta "Pure Veg" ba a dafa nama a wurin ko kaɗan, saboda haka Musulmin da ke shakkar yankan garin zai ci hankalinsa kwance. A kan abincin kanti kuma, ɗigo kore cikin murabba'i kore shi ne alamar babu nama a ciki.

Za ka wanke hannu, ka ci da dama, kamar a gida. Ka yago gurasa ka ɗebo wake ko ganye da ita, ko ka zuba su a kan shinkafa kaɗan-kaɗan ka cuɗa da yatsu. Kada ka juye kwanonin duka a lokaci guda, domin an raba su ne don ka ji ɗanɗanon kowane. Kindirmo a ƙarshe ake so, shi ke kwantar da zafin barkono. A gidajen abinci da dama, musamman na mutanen Gujarat da Rajastan, kuɗi ɗaya ake biya, masu hidima kuma suna ta zagayawa suna ƙara maka har sai ka ce ya isa. Idan ka ƙoshi, ka ɗora tafin hannunka a saman farantin, za su gane. Abu guda ya saɓa da al'adarmu: mu mukan taru a kwano ɗaya, su kuwa ba sa son hannun da ya taɓa baki ya taɓa abincin wani ko cokalin rabo. Ɗan kwanon ruwan ɗumi da yankin lemun tsami da ake kawowa bayan an gama na wanke yatsu ne, ba na sha ba. Ruwan sha kuwa ka nemi na kwalba wadda ba a buɗe ba, balle idan jinya ta kai ka.

Gero ɗaya, wake ɗaya

Bamaraɗen da ya zauna gaban talin Rajastan zai ga abin da bai zata ba. Rajastan ƙasar rairayi ce mai ƙarancin ruwan sama, kuma abincin talakanta gero ne, irin wanda muke kira hatsi, su suna ce masa bajra. Asalin geron nan daga wajenmu yake. Masu tonon tarihi sun sami tsohuwar shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga baya ya ƙetare teku ya isa Indiya fiye da shekara 3,000 ke nan. Dawa da wake ma daga Afirka suka je. Zogale kuwa, wanda wasu garuruwanmu ke kira zogala ko tamakka, daga arewacin Indiya ya zo mana. Yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman gero, Nijar tana cikin na sahun farko, kuma a noman wake Nijeriya ce kawai ke gaban Nijar.

Kamancin bai tsaya a gona ba. Mutanen Rajastan suna dama garin gero da nono mai tsami su bari ya kwana, su sha da safe. Wanda ya san fura da nono ba zai ga baƙon abu ba. A jihar Andhra Pradesh ganyen da suka fi alfahari da shi, gongura, yakuwa ce da 'yar'uwarta rama. Akwai kuma wani abincin Rajastan mai suna ker sangri, wanda har a manyan otal ake sayarwa. Ker 'ya'yan wani ɗan icen daji ne masu ɗaci, dangin anza da jiga, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, daidai yadda ake yi wa anza. Sangri kuwa 'ya'yan wani ice ne mai suna kejri da manoma ke bari a tsakiyar gona, kamar yadda muke barin gawo. A shekarar 1730, a ƙauyen Kejarli kusa da birnin Jodpur, an kashe mutum 363 na al'ummar Bishnoi saboda sun hana ma'aikatan sarki sare waɗannan itatuwa. Abin lura a nan shi ne, abin da a wajenmu ake jin kunyar a ga mutum yana ci, ana ce masa abincin yunwa, su sun busar da shi sun gyara shi da kayan yaji har ya zama abincin biki.

Masana aikin gona sun daɗe da ganin wannan dangantaka. Cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad na Indiya don binciken gero, dawa, gyaɗa da wake, tana da babban reshe a Sadore kusa da Yamai. A 2018 aka fitar da wani irin gero a Nijar mai suna Chakti, mai saurin nuna, wanda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ya kai kimanin miligiram 65 a kilo, fiye da na yawancin irin da aka saba shukawa. Indiya ce kuma ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu

Jihar Maraɗi rumbun ƙasa ce. Gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da aya suna fita daga kasuwannin Agye, Cadawa, Gazawa da Tibiri zuwa ko'ina, har Nijeriya. Duk da haka tana cikin jihohin da tamowa ta fi addabar yara. A 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kaso mai yawa daga cikinsu a jihar Maraɗi. Ko a shekarun da damina ta yi kyau matsalar ba ta gushe ba: binciken ƙasa na 2022 ya nuna kashi 47 cikin ɗari na yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Dalilan suna da yawa, daga zazzaɓin cizon sauro da gudawa zuwa haihuwa kusa-kusa da ƙanƙancewar gonaki. Amma ɗaya daga cikinsu yana cikin akushi. A gidaje da yawa fura ce da rana, tuwo da dare, ɗumame ko kunu da safe, duka gero. Miyar kuka ko kuɓewa ba ta wuce ta tsoma loma ba. Waken da aka noma an sayar tun da kaka, a lokacin da ya fi araha. Ciki ya cika, jiki bai samu abin da yake nema ba. A tali kuwa hatsi yana tsakiya, amma ba ya zama shi kaɗai. Wake ba ya fashi, ganye ba ya fashi, nono ba ya fashi.

Ga hikimar haɗin. A kowane giram 100 na gero akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 11. A wake kimanin giram 23. Furotin ɗin gero yana da ƙarancin wani ɓangare da ake kira laisin, wanda wake ke da shi a wadace. Wake kuma yana da ƙarancin wani ɓangaren da gero ke da shi. Idan suka haɗu a cikin yini guda sai su cike wa juna giɓi. Kakanninmu ba su san sunayen nan ba, amma sun san ɗanwake, dambu da wake, ƙosai da koko, shinkafa da wake. Ba sabon abinci ake ce ka koya ba. Abin da ake nema shi ne wake ya daina zama abincin marmari ko hajar kasuwa kawai, a ware na gida a adana shi a buhu mai ninki uku ko a jarka da aka toshe bakinta sosai, inda ƙwari ke mutuwa don rashin iska ba tare da an sa magani ba.

Kwanonin da muke da su

Ɗauki akushin tuwo a matsayin tsakiyar faranti, sannan ka duba abin da za a iya ajiyewa a gefensa. Ba sai an sayi kwanoni shida ba. Ƙoƙo biyu sun isa.

Na farko ganye. A nan ƙasar Maraɗi ba ta da abin da za ta roƙa wajen Indiya. Da damina akwai tafasa, gasaya, lalo, rama, yakuwa, ganyen wake da yaɗiya. A fadamar Gulbin Maraɗi wajen Tibiri akwai zogale kusan duk shekara. A gonaki akwai jiga da kuka da furen aduwa. Itatuwan nan sun ƙaru tun da sassaben zamani ya yaɗu daga shekarun 1980, wato manomi ya bar kututture ya toho ya riƙa gyara shi maimakon ya ƙone. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan, da kwamitocinsa na tsaron itatuwa, kuma an ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta wannan hanya a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuliƙuli, albasa, tumatir da ɗan mai, cikakken kwano ne na tali: ganyen ya kawo bitamin A da ƙarfe, ƙuliƙuli ya kawo furotin, man kuma shi ke sa jiki ya iya ɗaukar bitamin A, domin ba ya narkewa sai a cikin mai. Kuskuren da ake yi shi ne mayar da kwaɗo abin taɓawar mata da hantsi. Maigida da yara ma suna bukatarsa.

Uwargida, ki lura da abu uku wajen dafa ganye. Kada ki tafasa shi ya wuce kima, kada ki yawaita ruwan da za ki zubar, sai ga ganye mai ɗaci wanda dole a tsiyaye. Ki rage kanwa, domin tana lalata wasu bitamin ɗin ko da tana sa ganye laushi da kyan launi. Jiƙa wake tun dare yana rage bukatarta, yana kuma rage itace. Idan za ki shanya ganye don rani, ki shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan tabarma mai tsabta. Wanda ya bushe yana kore ya fi wanda rana ta ƙone ya koma ruwan ƙasa.

Na biyu abin tsami. Ɗan lemun tsami ko ɗanyen tumatir da ke gefen tali ba ado ba ne. Ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye yana da wuyar shiga jini, ba kamar na nama ba, amma bitamin C yana buɗe masa hanya. Matsa lemun tsami a kan kwaɗo, ko ka haɗa da ɗanyen tumatir, gwaba, mangwaro, ko garin ƙwallon kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Wanda ya gama cin wake ya bi shi nan take da kofi uku na shayi mai kauri ya tare wa kansa wani kaso na ƙarfen. A bar awa ɗaya ko biyu tsakani. Jiƙa gero da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda ake yi wa koko, shi ma yana sa ƙarfe ya fi samuwa.

Na uku abin da ke da mai da furotin tare: gyaɗa, riɗi, daddawar kalwa ko ta batso, gurjiya, da awarar waken suya. Riɗin da ake loda wa motoci a Gazawa da Agye ya cancanci a rage mudu guda a gida a riƙa daka shi cikin miya. A gyaɗa kuwa a tsince duk wadda ta yi funfuna ko ta motse ko take ɗaci a zubar, kada a ba yara, kada a sa a ƙuliƙuli, domin gubar da ke cikinta tana illata hanta kuma wuta ba ta kashe ta. Gishiri ya zama mai aidin, a rufe shi, saboda maƙoƙo.

Inda ganye da wake ba su isa ba

Kada ka ɗauka tali maganin komai ne. Talin gidan abinci ba shi ne abin da talakan Indiya ke ci kullum ba, kuma ƙasar tana fama da nata ciwon: bincikenta na ƙasa na 2019 zuwa 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 67 na ƙananan yara. Akwai kuma bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, wanda ba a samunsa a hatsi ko wake ko ganye, sai a nono, ƙwai, kifi da nama. Shi ya sa kwanon kindirmo ba ya barin farantin. Mu da ba addini ya hana mu nama ba, tsada ce ta hana, babu dalilin ƙin abin da ya samu.

Wannan ya fi muhimmanci ga mai ciki, mai shayarwa, da yaro daga wata 6 zuwa wata 23. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro gida takwas: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga ciki kowace rana. Lissafa da kanka: nonon uwa, kunun gero, da ƙullin gyaɗa ko garin wake a cikin kunun, da cokalin garin zogale, da ɗan nonon akuya, an kai biyar ba a je kasuwa ba. Kunun ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, domin cikin yaro ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa yana cika shi ba tare da ya ciyar da shi ba. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a yini, daga wata 9 sau uku ko huɗu, ban da nonon uwa da ɗan abin taɓawa. A nan dabarar Indiyawa ta raba wa kowa farantinsa tana da amfani: yaron da ya zauna kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share. A zuba masa nasa daban, a zauna kusa da shi har ya gama.

Jar akuyar Maraɗi tana cikin gidaje da yawa, kuma yawanci ta mata ce. Nononta ya dace da yaron da ya wuce wata 6, muddin an tafasa shi. Da damina ƙwan zabi yana araha. Zancen da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba shi da tushe, kuma ƙwai ɗaya da aka dafa sosai ya fi amfani a cikin ɗanka da kuɗin da za a samu idan an kai shi bakin hanya. Fara da busasshen kifi, idan an daka su lukui aka zuba a miya ko kunu, suna cike gurbin nama, sai dai a guji farar da aka kama inda aka yi feshin magani.

Mai ciki kuma ta je awo ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, domin bukatarta ta ƙarfe ta wuce abin da akushi kaɗai zai biya. Idan ka ga yaro ya rame, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya daina cin abinci, ko aka auna damtsensa da ɗan ma'aunin nan mai launi uku ya faɗa a ja, wato ƙasa da milimita 115, lokacin gyaran miya ya wuce. A kai shi gidan likita mafi kusa a ranar.